Tsirran Ado Na Cikin Ɗaki: Ganye Ne Ke Faɗin Bukata

Da wuya a yau mutum ya shiga falon ma'aikaci ko ofishin shugaban makaranta a Kano ko Zariya bai tarar da tukunyar shuka a wata kusurwa ba. Sai dai sau da yawa shukar ba ta daɗewa, kuma akan ɗora laifin a kan mai sayarwa, alhali kuwa ba wanda ya tambayi inda tsiron ya fito. Amsar wannan tambaya tana jikin ganyensa.

Tsiron da ke da faffaɗan ganye mai laushi, galibi ɗan ƙurmi ne, inda manyan itatuwa ke tare rana, iska kuma ke cike da laima. Irinsu ne Dieffenbachia mai ɗigo-ɗigon fari, wanda asalinsa Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, da kuma Epipremnum mai yaɗo, daga tsibirin Mo'orea na tekun Pasifik. Inuwar ɗaki ba ta dame su ba, in dai akwai hasken taga. Abin da ke wahalar da su shi ne hunturu, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Nan da nan bakin ganye zai ƙone, mai shuka kuma ya ɗauka ƙishirwa ce, ya yi ta kwarara ruwa safe da yamma.

A nan ne ake kashe shukar. Saiwa tana numfashi, kuma iskar da take shaƙa tana cikin 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike ramukan kwana da kwanaki, sai saiwar ta shaƙe, ta ruɓe, ta kasa tura ruwa sama. Ganye zai yi yaushi tamkar na shukar da aka manta da ita, ga tukunya kuwa jagab. Saboda haka kafin ban-ruwa a tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, a dakata. Lalle tukunya ta kasance da huda a gindi, kuma ta yumɓu irin ta maginanmu ta fi ta roba, domin tana tsane ruwa. A gauraya ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen taki. Ƙurar hunturu kuma a riƙa share ta da jiƙaƙƙen tsumma, don tana tare haske. Ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashi a zubar, kada sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa.

Iyaye da malamai su lura: ganye da karan Dieffenbachia suna ɗauke da ƙananan allurai na sinadarin kalsiyam okzalet. Yaron da ya tauna su zai ji zafi mai tsanani, leɓe da harshe su kumbura, har magana ta gagara. Shi ya sa sunansa da Ingilishi ke nufin karan bebe. A wanke masa baki, a ba shi ruwan sanyi, in kumburi ya yi yawa ko numfashi ya yi wuya a garzaya asibiti. Epipremnum ma yana da waɗannan allurai. Gidan da ke da mai rarrafe bai kamata ya ajiye su a ƙasa ba.

Akwai kuma zancen da ya yaɗu cewa tsirran nan suna tace iskar ɗaki. Tushensa binciken hukumar NASA ta Amurka ne na 1989, wanda aka gudanar cikin rufaffun akwatuna. A 2019 masana a Jami'ar Drexel suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje, suka gano sai an jera tsiro 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su kamo aikin da shige da ficen iska ke yi a gini. Buɗe taga ya fi sauƙi.

Wanda ke son shukar da ba za ta ba shi wahala ba, ya nemi moda, 'yar asalin Afirka ta Yamma, wadda ake murza zarenta a yi igiya da tsarkiyar baka. An daɗe ana kiranta Sansevieria, amma a 2017 masana suka mayar da ita cikin dangin Dracaena. Ganyenta mai kauri rumbun ruwa ne, ƙofofin numfashinsa kuma da dare suke buɗewa, lokacin da zafi ya sauka. Ban-ruwa sau ɗaya cikin mako biyu ko uku ya ishe ta.

Moda ta dace da gwajin aji. Ɗalibai su samu irin mai rawayan gefe, su yanka ganye gunduwa-gunduwa su dasa a rairayi, gefen gindi yana ƙasa, su kuma raba saiwar wata su dasa dabam. Bayan 'yan watanni za su ga 'ya'yan gunduwar sun fito ba rawaya, na saiwar kuwa sun gaji launin uwarsu.