Kafin ka ɗauki ma'aikaci daga tsallaken iyaka

Alhaji mai shanu, Hajiya mai kaya, a duba nan Titirou: makiyayi daga Nijar, direba daga Najeriya, 'yan dako masu jin Dendi. Gida ɗaya, al'ada uku. Yawancin rigimarsu da iyayen gidansu daga ranar ɗauka take farawa.

Ka ce wa direba "dubu talatin". Ta me? Sefa ko naira? Tun da naira ta faɗi a Yunin 2023, wanda aka yanka wa albashi da ita yana kuma cefane da sefa a kasuwar Arzeke, cutarsa ake yi, ko da bai yi magana ba. To, shirun ma abin lura ne. Yaron Fulani yana da kunya, da wuya ya dubi idonka ya ce bai yarda ba. Wata safiya kawai za ka tarar ya ɗauki sandarsa.

Wani makiyayin kuma maraƙi yake tsammani, ba kuɗi ba. Ka tambaye shi da Fulatanci, gaban shaidu biyu, ɗaya daga cikin danginsa. A Parakou ko Djougou, a tsayar har da wanda zai biya in shanu suka yi ɓarna a gona.