Me Ke Sa Ɗan Cirani Ya Lalace A Birni?

'Yan'uwa manoma, da an gama aikin kaka samarinmu sukan tafi cirani Kano. Da yawa sukan sauka Fagge, tsohon zangon fatake, ko Sabon Gari. Waɗansu su komo da kuɗin taki, waɗansu kuwa sai mu ji an kama su da sata. Me ya sa?

Masanan zaman jama'a sun ba da dalilai. A 1938 Robert Merton na Amurka ya ce, inda ake girmama mai kuɗi amma hanyar samu ta halal ta toshe, wani zai bi ɓarauniyar hanya. Edwin Sutherland kuma ya ce laifi koyonsa ake yi wurin abokai, kamar noma. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A ƙauye idon kowa yana kan yaro, amma a tashar mota ba mai tsawata masa.

Saboda haka kowace ƙungiya ta ba samarinta rancen noman rani. Wanda tafiya ta zama masa dole, a damƙa shi hannun wani dattijon ikilisiya a can.