Yadda ake sauya boris ɗin injin fere katako, da dalilin da ya sa jinkiri ke jawo asara

Da zarar kaka ta kama a Anka da Gummi da Bukkuyum, manoma suka sayar da amfanin gona, sai bukukuwan aure su kankama, aikin gadaje da kujeru da sauran kayan ɗaki ya yi wa kafintoci yawa. Kowane katako da za a yi aikin da shi sai ya fara bi ta cikin injin fere katako, wanda masu sana'ar ke kira filena. Idan injin ya tsaya, kafintocin da ke dogara da shi sun tsaya, ɗan kasuwar da ya ba da kafin alƙalami ya shiga zullumi, haka ma ɗan kwangilar da ya yi alkawarin kai tebura makaranta. Sau da yawa kuwa abin da ke tsayar da shi ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, wato boris.

Zuciyar injin ita ce wani dunƙulallen ƙarfe mai siffar ganga wanda ake ɗaura wa wuƙaƙe uku ko huɗu. Boris biyu ne ke riƙe da sandarsa, ɗaya a kowane gefe. A manyan injina gangar kan juya kimanin sau 5,000 a minti ɗaya. Idan wuƙaƙen uku ne, sara 15,000 ke nan a minti, kuma a aikin awa takwas boris ɗin zai yi juyi miliyan 2.4. A irin wannan gudu, girgiɗin da bai kai kaurin gashi ba ma sai ya bar tabo a jikin katako.

Boris ba ya mutuwa farat ɗaya. Da farko ƙarar injin takan sauya, ta koma gurnani ko fito. Daga nan mazaunin boris ya riƙa zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba, katako kuma ya fara fitowa da gargada. Sai dai ba kowane aibi ne laifin boris ba. Layin da ya miƙe a tsawon katako alama ce ta wuƙar da ta gamu da ƙusa ko tsakuwa ta ɓantare, gargada mai tazara iri ɗaya kuwa galibi tana nuna wata wuƙa ta fi 'yan uwanta tsayi. Hanyar tantancewa ita ce a kashe injin, a cire bel, a juya gangar da hannu cikin hattara. Idan ana jin kamar tana taka yashi, ko aka ɗaga ta sama aka ji tana wasa, lokacin sauyi ya yi.

Garin katako da ƙurar hunturu su ne manyan abokan gabar boris, domin idan suka shiga suka gauraya da giris sai su riƙa cin ƙarfen kamar samfefa. Ɗaure bel fiye da kima na danne boris ɗin da ke gefen fuli, shi ya sa ya fi saurin lalacewa. Wuƙaƙen da nauyinsu ya bambanta na sa gangar rawa, haka nan cin katako mai tauri irin ƙirya ko madobiya da zurfi a tashi ɗaya. Cika giris maƙil ma illa ce, saboda yana haifar da zafi; kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mazaunin ya wadatar.

Kafin a tafi kasuwa, a karanta lambar da ke jikin tsohon. Idan lambobi biyu na ƙarshe sun kama daga 04 zuwa sama, ana ninka su sau biyar a sami faɗin ramin a milimita. Boris mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, 6205 milimita 25, 6206 kuma milimita 30. Harufan da ke biye ma suna da ma'ana: ZZ na nufin murfin ƙarfe a gefe biyu, 2RS murfin roba wanda ya fi tare ƙura, C3 kuwa na nufin an bar ɗan sarari a ciki don ya jure zafi. Abin da ya fi shi ne a sayi irin wanda kamfanin ya sa tun asali.

Tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023 kayan gyara na waje suka yi tsada, abin da ke ƙara tura mai saye wajen mai araha. Jabun boris da ke ɗauke da sunayen manyan kamfanoni irin su SKF na ƙasar Suwidin, wanda aka kafa a 1907, da NSK da NTN na Japan, matsala ce a duniya baki ɗaya, har SKF ya fitar da manhajar waya mai suna SKF Authenticate don a tura masa hoto ya tantance. Ga mai injin da zai aika Gusau ko Sakkwato ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ga tsadar mota ga fargabar hanya, araha ba ta ado. Ya fi sauƙi ya sayi huɗu nagari, ya sa biyu ya ajiye biyu.

Aikin kansa yana farawa da raba injin da wuta gaba ɗaya, a zare waya ko a kashe janareta, kada a dogara da makunni kawai. Sai a kwance wuƙaƙen a ajiye gefe, a ɗauki hoton yadda komai yake da waya, a yi wa mazaunin dama da na hagu alama. Bayan an cire bel da fuli, a adana ɗan ƙarfen da ke kulle fulin da sanda, domin ɓatansa kaɗai na iya tsayar da aikin. Tsohon boris ana zare shi ne da fula mai ƙafa biyu ko uku. Bugun sandar da guduma na iya lanƙwasa ta ko ya buɗa bakinta.

Daga nan a wanke sandar da kananzir, a duba wurin da boris ke zama. Idan sabon ya shige sakwaf ba tare da matsi ba, sandar ta cinye. Dabarar huhhuda ta da ƙusa ko cusa gwangwani ba ta ɗorewa, gara a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su cike ta su mayar da ita awonta.

Wajen sa sabon ne aka fi yin ɓarna. Ƙa'idar ita ce ƙarfin turi ya sauka a kan zoben da ake shigarwa: zoben ciki idan ana sa shi a sanda, zoben waje idan ana sa shi a mazauni. Guntun bututu mai daidai da faɗin zoben ya isa, a riƙa bugunsa a hankali. Idan bugun ya ratsa ta ƙwallayen, sukan lotsa hanyarsu, boris ya fara ƙara tun ranar farko. Ɗumama shi na sauƙaƙa shigarsa, amma mai murfin roba kada zafinsa ya wuce digiri 80, kuma kada a kusantar da shi ga harshen wuta. A sauya duka biyun lokaci guda, ko da ɗayan yana da sauran kyau.

Bayan an mayar da komai, a daidaita wuƙaƙen su zama tsayi ɗaya, a ɗaure notinansu daga tsakiya zuwa gefe, a sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Wuƙar da ta kuɓuce a wannan gudu tana iya kisa. A bar injin ya yi minti 10 zuwa 15 babu katako, a kashe a taɓa mazaunin: ɗumi ba laifi ba ne, zafi mai ƙuna ne ke nuna akwai kuskure. Sannan a gwada da katako mai laushi.

Makanike mai kayan aiki kan gama wannan gyara cikin wuni guda. Idan kuwa aka ci gaba da aiki har boris ya daskare, zai cinye sanda, ya fasa mazauni, wani lokaci ya ƙona mota, gyaran ya koma na makonni a daidai lokacin da ciniki ya buɗe. Shi ya sa ya kamata masu injina su duba boris ɗinsu tun damina ba ta ƙare ba. Mai karɓar kaya kuma, ɗan kasuwa ne ko jami'in gwamnati, ya shafa katakon da tafin hannu ya dube shi a hasken rana kafin a shafa fenti, domin fenti mai sheƙi ƙara fito da gargada yake yi.