Igiyar Tsalle ta Rama

Garwa babban gari ne a arewacin Kamaru, a bakin kogin Binuwai. Da yamma, idan rana ta yi sanyi, yara sukan fito ƙofar gida su yi wasan tsallen igiya. Da Faransanci ana kiran igiyar "corde à sauter". Ba sai an saye ta a kasuwa ba. Ana iya tufka ta a gida da rama.

Manoma suna shuka rama da damina a gefen gona. Ana yin kwaɗo da ganyenta, ana yin igiya da ɓawonta. Idan rama ta ƙosa, sai a yanke karan, a ɗaure shi dami-dami. A jiƙa shi cikin ruwa kamar kwana 10, har ɓawon ya yi laushi. Yara ba sa kai rama kogi, domin akwai dorina a Binuwai, kuma ruwan yana da ƙarfi. Tsohon baho a bayan gida ya isa.

Daga nan sai a ɓare ɓawon, a wanke shi, a shanya. Idan ya bushe, a raba shi sili biyu, a ƙulle bakinsu. A ɗora su a kan cinya, a murza su da tafin hannu zuwa gaba. A saki bakin, silin biyu za su naɗe juna. Wannan shi ne tufka. Kafin sili ya ƙare, a saƙa masa sabo. Kada a yi ƙari biyu a wuri ɗaya, domin nan ne igiya takan tsinke.

Kowane yaro da tsawon igiyarsa. Zai taka tsakiyarta da ƙafa ɗaya, ya ja bakin biyu sama. Idan sun kai hammatarsa, ta yi daidai. Ga ɗan firamare, yawanci mita 2 ne zuwa mita 2 da rabi. Igiyar da ta gaza takan harɗe ƙafa ta kayar da yaro. Wadda ta yi tsawo kuwa takan ja ƙasa. A ƙarshe a ƙulle bakin biyu, a naɗe su da tsumma don kada su ci hannu.

Tsallen igiya yana ƙarfafa zuciya da ƙafafu. Amma a watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan wuce digiri 40. Saboda haka da safe ko da yamma ake wasan, a fili marar duwatsu, a kuma sha ruwa. Mai igiyarsa ba ya kwance ta guga ko ta akuya, balle a yi masa faɗa.

Tambayoyi
1. Da wane ɓangaren rama ake yin igiya?
2. Don me yara ba sa jiƙa rama a kogi?
3. Yaya ake auna tsawon igiya?