Kafin A Zuba Kuɗin Adashi A Gini, A Nemi Mai Zane

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, ko ya ratse ya shiga Madarunfa, zai ga yadda sabbin gidaje na bulon siminti da rufin kwano suke ta tashi. Yawancinsu gumin ƴan kasuwa ne: mai fataucin hatsi, mai shagon atamfa, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kowa burinsa ya rufa wa iyalinsa asiri, ya huta da kuɗin haya.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne kiran da wata Hajiya ƴar kasuwa ta yi mana a cikin shirinmu na rediyo. Ta ce shekara bakwai tana zubin adashi kafin ta gina ɗaki uku da falo, amma da bazara ta kama sai ga ta da ƴaƴanta suna kwana a tsakar gida, don ɗakunan sun zama tanda, har man shafawa da alewar da take ajiyewa don sayarwa suna narkewa. Ta ce tsohon soron ƙasa na mahaifiyarta ya fi gidan nata sanyi nesa ba kusa ba, to ina ta yi kuskure?

Amsar da muka samu ita ce, Hajiya ta sayi siminti, ta biya magini, ta biya kafinta, amma ba ta biya wanda zai zauna ya yi tunanin gidan ba tun kafin a haƙa tushe. Wannan kuwa sana'a ce mai zaman kanta, ta mai zanen gini, wanda masu boko ke kira arshitek.

Mai zanen gini na ƙwarai ba ya zuwa da zane a aljihu. Zai fara zuwa ya ga filin, ya duba inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa, da inda ruwa ke bi in an yi sama. Sannan ya zauna da masu gida ya yi tambaya: mutum nawa ne, mata nawa, wace sana'a ake yi a cikin gida, ina baƙi maza za su tsaya. Gidan mai tuyar ƙosai ba zai zama ɗaya da na mai ajiye buhunan wake ba. Ita tana bukatar madafa mai fitar da hayaƙi da ƴar taga ta miƙa wa masu saye, shi kuma yana bukatar ɗakin ajiya marar laima da ƙofar da amalanke zai iya tsayawa.

Kada a ce wannan sai a Turai. Ƴar ƙasarmu ce, Mariam Issoufou, wadda da yawa suka sani da Mariam Kamara, ta bar aikin kwamfuta ta koma karatun zanen gini a Amurka, sannan a shekarar 2014 ta buɗe ɗan ƙaramin kamfani a Yamai, ta raɗa masa sunan Hausa, wato Masomi. A shekarar 2016, ita da abokan aikinta suka kammala wasu gidaje shida na bene a unguwar Yamai 2000, waɗanda aka gina da tubalin jar ƙasa da inji ya matse. Gidaje ne na zamani sosai, amma kowane da tsakar gidansa da wurin shan iska da idon maƙwabci ba ya kaiwa, kamar dai yadda muka gada. A 2022 aikin ya shiga jerin ayyuka 20 da aka tace don babbar kyautar gine-gine ta Aga Khan.

Ku kuma ƴan kasuwa, ga wanda ya shafe ku kai tsaye. A garin Dandaji na jahar Tawa, kamfanin ya zana kasuwa mai shaguna 52 wadda aka gama a 2018. Shagunan na tubalin ƙasa ne, an jera su kewaye da wata tsohuwar itaciya da mutane suka saba cin kasuwa a gindinta, sannan aka kakkafa rumfunan ƙarfe masu launi daban-daban, wata sama da wata, don su ba da inuwa iska kuma ta riƙa ratsawa. A garin ne kuma suka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo mai ɗaukar mutum 1,000 a gefensa. Shi tsohon masallacin aikin Falke Barmu ne, maginin nan da ya gina masallacin Yama, wanda ya ci kyautar Aga Khan tun 1986. Ashe ilimin a gida yake, mu ne muka juya masa baya.

To amma mun san abin da mutanen jahar Maraɗi za su ce, kuma suna da hujja. Ba mu manta da daminar 2024 ba, lokacin da ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a ƙasar nan, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, kuma jaharmu na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Gidajen ƙasa ne suka fi zubewa, har da tsohon masallacin Damagaram da ya faɗi a watan Satumba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na shekarar, mutane suka yi murna.

Sai dai magina na da wata magana, cewa ginin ƙasa hula da takalmi yake so. Takalmin shi ne tushe na dutse ko siminti da zai ɗaga bango sama da inda ruwa ke kwanciya. Hular kuwa rufi ne mai kyau da indararo mai jefa ruwa nesa da gindin bango. Bangon gabas, inda hadari ke dukan gida, shi ake ƙara wa yaɓe. Tubalin inji kuma ya bambanta da na hannu, domin ana tankaɗe ƙasar, a zuba mata siminti kaɗan, a matse ta da ƙarfi, a rufe ta tana shan laima har wajen mako huɗu kafin a yi gini. Bango mai kauri na irin wannan tubali yana riƙe zafin rana, ba ya barinsa ya faɗa ɗaki da tsakar rana, saɓanin bulo mai rami da kwanon da ba a yi wa sili ba.

Sannan akwai maganar wuri. Dattawa sun san cewa ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi Maraɗi daga bakin gulbi aka mayar da ita kan tudu. A Madarunfa, tsakanin tafki da gulbi, duk wanda ya sayi fili a kan hanyar ruwa don araha, ko da ƙarfe ya gina bai tsira ba. Araha ba ta ado.

Ba za mu ɓoye muku ba, mai zane kuɗi yake karɓa, injin matse tubali ba a kowane gari yake ba, kuma ba kowace ƙasa ke yin tubalin ba: yashin jigawa ba ya kamawa, laka zalla ta fadama kuma tsagewa take, sai an gwada an haɗa. To amma a auna da kuɗin rushe bango a sake, da kuɗin wutar fanka dare da rana, da hajar da zafi ke lalatawa. Maƙwabta uku ko huɗu, ko ƴan adashi ɗaya, suna iya haɗa kai su ɗauki mai zane guda, su yi hayar inji tare.

Ko da ba ki samu mai zane ba, Hajiya, kafin magini ya ja igiya ki tabbata an yi waɗannan: a je filin da damina a ga inda ruwa ke bi, manyan tagogi su dubi kudu da arewa, suna kallon juna don iska ta ratsa, a ɗaga rufi, a sa sili, a bar ƙofofin iska a tsakaninsu, a bar wurin dogon yaro ko rumfa a yamma, a nemi takardar izinin gini a ma'aikatar magajin gari. In kuɗin ɗaki biyu ne a hannu, a zana gidan gaba ɗaya tun yanzu, a riƙa ginawa sannu a hankali.

Ita dai Hajiyar da ta kira mu, yanzu adashin sili da rumfar yamma take zubi. Allah ya ba kowa muhalli mai albarka, amin.