Sauya Gidan Harsashin Bindigar Farauta Mai Sakata Daga na Ciki Zuwa na Cirewa

Yawancin kalmomin da Hausa ta tanada game da bindiga an gaje su ne daga zamanin adaka. Ita kanta kalmar bindiga daga Larabci aka aro ta, watau bunduƙiyya, haka nan albarushi da harsashi, kunama kuwa ta gida ce. Fi'ilin ɗurawa ma adaka ya fi dacewa da ita, domin ta baki ake ɗura mata albarushi. Bindigar farauta ta zamani tana da sassan da waɗannan kalmomi ba su kai gare su ba. Wannan maƙala za ta bayyana wani aiki da maƙeran bindiga na Amurka da Turai suka saba yi, wato mai da gidan harsashi na ciki ya zama na cirewa, tare da gwada wa sassan sunayen Hausa. Abin da za a nuna shi ne, sauyin ba ya ƙara wa bindiga ƙarfi ko saiti; wurin da ake sarrafa tafiyar harsashi kawai yake canzawa, a nan ne kuwa ribarsa da hasararsa suke.

An kira wannan bindiga mai sakata ne saboda ƙarfen da yake rufe gindin bututunta yana aiki kamar sakatar ƙofa. Maharbi yakan ɗaga mariƙinsa ya ja baya, kwanson da aka harba ya fita, sa'an nan ya tura gaba, sakatar ta kwashi sabon harsashi ta kai shi makwancinsa, ya murɗa ƙasa ta kulle. Harsasan da suke jiran layi suna cikin wani ɗan akwati ne a ƙarƙashin sakatar, sifirin yana tunkuɗo su sama. Wannan akwati shi ne gidan harsashi, wanda sojoji da 'yan sanda suke ce wa magazin.

Hanyoyi biyu na ƙera shi sun taso kusan lokaci guda. A 1879 James Paris Lee, haifaffen Sukotilan da ya tashi a Kanada, ya sami rajistar gidan harsashi na cirewa a Amurka, kuma a kan fasaharsa Ingila ta gina Lee-Metford a 1888 da Lee-Enfield a 1895, mai ɗaukar harsashi 10. Ita ce bindigar da sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Hausawa da yawa a cikinsu. Kamfanin Mauser na Jamus kuwa ya bi ɗaya hanyar: tun samfurinsa na 1893 ya jera harsashi 5 a karkace, ɗaya dama ɗaya hagu, har gidan ya ɓuya cikin ƙota bai leƙo ba. Samfurin 1898 ya zama uban yawancin bindigogin farauta, har da Winchester 70 ta 1936. Abin lura shi ne, Ingilishi da suka zaɓi na cirewa ba su yarda da cire shi ba. Da fari har ɗaure shi suka yi a jikin bindiga da 'yar sarƙa don kada ya ɓata, daga baya kuma suka koya wa soja ya riƙa ɗurawa ta sama, biyar-biyar.

Shi aikin sauyin a ido ba wuya. Gangar jikin bindiga tana ɗaure da ƙota ne da noti biyu, waɗanda suke ratsawa ta wani farantin ƙarfe na ƙasa mai haɗe da kariyar kunama. Maƙeri yakan cire farantin da akwatin ciki da sifirinsa, ya sa wani faranti mai rami da maƙalli inda sabon gidan zai shiga ya kama. Da yake sabon ya kan fi tsohon faɗi da zurfi, sai an sassaƙe cikin ƙotar, ko kuma a sauya ta ɗungurungum. Remington 700, wadda ta fito a 1962, ita aka fi yi wa wannan aiki, kuma gidan da aka fi sa mata shi ne samfurin AICS na kamfanin Accuracy International na Ingila, mai ɗaukar 5 ko 10.

Wuyar tana wani wuri dabam. A bindiga irin ta Mauser, gefunan da suke riƙe harsashi har sakata ta zo ta ɗauke shi an sassaƙa su ne a jikin gangar kanta, kowace bindiga daidai da siffar harsashinta. A na cirewa kuwa wannan aiki ya koma kan leɓɓan gidan, waɗanda siririn ƙarfe ne ko roba. Ke nan an ɗauke amanar daga ƙarfe mai kauri da ba ya motsi, an danƙa ta ga abin da ake sawa a aljihu, yana faɗuwa a kan dutse, yana lanƙwashewa. Har ila yau tsayin da gidan zai tsaya dole ya zo daidai. In ya yi ƙasa ko da kaɗan ne, sakata za ta bi ta kan harsashi ta wuce, maharbi ya ja kunama a kan makwanci wayam. In ya yi sama, sakatar ta riƙa gogar leɓɓan tana cijewa. Sassaƙar ƙota ce take yanke wannan tsayi, shi ya sa gwanayen maƙera suke dasa 'yan bututun ƙarfe a ramukan noti don kada katako ya matse tazarar ta canza. Sai kuma tsawon harsashi: na .308 kimanin milimita 71 ne, na .30-06 kuwa kusan 85, saboda haka gidan ɗaya ba ya karɓar ɗaya. Bayan an gama dole a sake gwada saiti, domin duk bindigar da aka raba da ƙotarta tana iya sauya inda take jefa harsashi.

To, me maharbi ya samu? Babbar ribar ita ce saukin juye harsashi. A jihohi da yawa na Amurka doka ta hana ɗaukar bindiga a ɗure cikin mota, kuma wadda gidanta ba shi da murfi a ƙasa, kamar Remington 700 ADL, sai an yi ta jan sakata ana fitar da su ɗaya-ɗaya, yatsa kusa da kunama. Cire gida gaba ɗaya ya fi wannan aminci, da sharaɗin a tuna cewa wanda ya riga ya shiga makwanci yana nan. Batun saurin sake ɗuri kuwa, wanda masu talla suka fi kururutawa, na masu gasar harbi ne. Mai bin barewa da wuya ya sami damar harbi na uku. Ga shi kuma dogon gida yana leƙowa daidai inda hannu yake riƙe bindiga a tafiya. Masu farautar ɓauna da giwa a gabashi da kudancin Afirka har yau sun fi amincewa da na ciki irin na Mauser, domin gidan da ya suɓuce cikin ciyawa ya bar mutum da harbi ɗaya tak gaban dabbar da ta taso masa.

A Nijeriya wannan aiki ba na maƙerin unguwa ba ne, domin dokar bindigogi ta 1959 ta haramta ƙerawa ko haɗawa ko gyaran bindiga ba tare da izinin hukuma ba.