Dalmar da ke ɓoye cikin kwalli, da hasken da ke tona mata asiri

Daga kasuwar Matankari zuwa ta Dogondutsi, har Kurmi ta Kano, da wuya mu shiga layin masu kayan kwalliya mu rasa kwalli a faifai. Iyaye mata kan rangaɗa wa jarirai shi don ido ya yi kyau. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa a yi kwalli, mafi yawansa dalma ce.

Idan ba a manta ba, a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma. A 2011 kuma likitoci a Boston ta Amurka suka samu dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, da aka auna kwallin da aka sayo masa daga Najeriya, sai aka tarar kashi 82.6 cikin 100 dalma ne. Yaro zai murza ido ya kai hannu baki, gubar ta taɓa ƙwaƙwalwa, ba tare da kowa ya lura ba.

Duk ɗan kasuwa ya san fitilar duba jabun kuɗi, wadda ke fito da alamar da ido ba ya gani. To, masana ma irin dabarar suka bi. A 2006 Christopher Chang da abokan aikinsa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka haɗa wani rini mai suna Leadfluor-1, wanda ke shiga cikin ƙwayar halitta tana raye. Haskensa dishi-dishi ne, amma da ya kama dalma sai ya ninka sau 18, har a ga inda gubar ta taru ta madubin ƙara girma.

Wannan aikin ɗakin bincike ne, ba na rumfa ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne ruwan feshi na Lumetallix daga ƙasar Holan: a fesa a kan fenti ko kwano, a haska fitila, in akwai dalma wurin ya yi kore shar. Sai dai ba ya auna jinin yaro, wannan sai asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalmar da ba ya cutarwa. Don haka a ganinmu, mai sayar da kwallin dutse ta daina ba da shi don jarirai, ko da cinikin zai ragu.